Yadda ake haɗa wa mai ciwon suga garin hulba da kirfa, da yadda za ki gane ko yana aiki

Shekara tara ke nan ina haɗa wa Mma, tsohuwarmu, wannan gari, tun ranar da muka dawo daga asibiti da takardar awon suga mai lamba 13.4, likita ya ce ciwon suga ne, kitsen jininta ma ya haura. A Aboabo muke, nan Kumasi, kuma wanda ya san zango ya san ba a rasa mai ba da magani. Kafin magariba an kawo mana saiwa iri uku, kwalba biyu, da kwatancen wani mai magani a arewa. Mun gwada wasu, mun zubar da wasu. Abin da ya zauna a kicin ɗina shi ne haɗin kayan ƙamshi biyar, da ɗan littafin da nake rubuta awon jini.

In faɗa miki tun daga nan, 'yar'uwa: har gobe Mma na shan ƙwayoyinta na asibiti. Garin nan ɗan rakiya ne. Wani yakan ga ya rage masa suga kaɗan, wani ba ya ganin komai, kuma babu mai gane ko wanne ne shi sai ya auna. Ina magana da "ki" ne don galibi mu ne a bakin murhu, amma namijin da ke jinyar kansa ko ta mahaifinsa, duk aikin ɗaya ne.

Kayan haɗi, na wata ɗaya ga mutum ɗaya

- Ƙwayar hulba, giram 100
- Busasshiyar citta, giram 40 (in ɗanya ce, sayi kwatan kilo)
- Sandar kirfa, giram 30
- Busasshiyar saiwar kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, giram 25
- Masoro, giram 5

Kayan aiki

Faifai ko babban tire, kasko mai kauri, turmi da taɓarya ko ƙaramin injin niƙa busasshen kaya, rariya mai laushi, kwalbar gilashi mai murfin da ke rufuwa gam, cokalin shayi guda da za ki keɓe wa aikin, da ɗan sikelin kicin in da hali. Sai na'urar awon suga da 'yan sandunan da ake ɗiga wa jini, da littafi da biro. Waɗannan na ƙarshe su ne masu tsada, kuma su ake fara jefarwa in kuɗi ya yi kaɗan. Ni kuwa da in rasa na'ura gara in rasa kirfa. In ba ki da ita, shagunan magani da yawa suna awon suga a biya, sai ki tsayar da ranakun da za ku riƙa zuwa da sassafe kafin a ci komai.

1. Sati biyu kafin ki je kasuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mai ciwon ya lasa ko da ɗigon garin nan, ki auna sugansa kullum da safe kafin ya karya, na tsawon sati biyu, ki rubuta. Sau biyu ko uku a sati ki ƙara awo ɗaya, awa biyu bayan abincin rana, ki rubuta abin da ya ci a gefe. In ba ki da waɗannan lambobi na farko, to duk abin da kika gani daga baya ba ki da abin kwatantawa, sai dai "ina jin sauƙi", wanda kowa kan faɗa ko da ruwan zafi aka ba shi.

A Ghana da milimol ake awo. Ga lambobin da ya kamata ki haddace: awon safe da ya kai 7.0 ko ya wuce, da shi ake tabbatar da ciwon. Ga wanda ke kan magani, yawanci ana son awon kafin abinci ya zauna tsakanin 4.4 da 7.2, na awa biyu bayan abinci kuma ƙasa da 10.0. Ƙasa da 3.9 suga ya faɗi, haɗari ne na nan take. In ɗanki ya aiko da na'ura daga Amurka kika ga tana nuna 126 ko 180, kada gabanki ya faɗi, wani ma'auni ne daban. Raba lambar da 18, sai 126 ta koma 7.0. Tsoho mai rauni likita kan sassauta masa waɗannan iyakoki, don haka lambar da likitanku ya ba ku ita ce gaba.

A cikin satin nan biyu ku je asibiti, ko Komfo Anokye da muke ce wa Gee ko wanda kuka saba zuwa, ki faɗa wa likita sunan kayan nan biyar da yawan da za a sha. Mutanenmu kan ɓoye don tsoron faɗa. Faɗan minti biyu ne. Ki roƙa a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna cikin wata biyu zuwa uku, da gwajin kitsen jini, da na hanta da ƙoda. Ki kuma san sunan ƙwayar da ake sha. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ƙasa warwas ba. Glibenclamide da gliclazide da allurar insulin kuwa suna yi, kuma su ne idan aka ɗora musu hulba ake iya samun matsala.

Akwai waɗanda ba na ba su garin nan ko sun roƙa: mai ciki, domin hulba da yawa na iya motsa mahaifa; yara; mai ciwon hanta ko ƙoda; mai tsakuwar matsarmama, saboda kurkum; mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini; wanda za a yi wa aikin tiyata nan da sati biyu; da wanda gyaɗa ke kumbura wa jiki, don hulba danginta ce. Wanda kuma ciwonsa irin na farko ne, wanda jikinsa ba ya yin insulin sam, babu wani ganye ko gari a duniya da ke zame masa madadin allura ko na kwana ɗaya.

2. Sayayya

Zuwa da kai ya fi aike. A Kejetia ko kasuwar Aboabo za ki samu komai, kuma dokata ɗaya ce: sayi abu da siffarsa, kada ki sayi gari. Garin kurkum da ke cikin leda ba ki san abin da aka cakuɗa masa ba. A Bangaladash an taɓa gano ana zuba masa launi mai gubar dalma don ya yi rawaya shar. Saiwa dai ba a iya cika ta da garin rogo.

Hulba ta zama rawaya mai tauri kamar tsakuwa, babu ƙwari, babu warin rima. Citta ki karya ɗaya ki duba cikinta, in kin ga baƙi ko kore ko fari kamar auduga, ajiye. Ɗanyar citta ba ta wuya a nan tunda ana nomanta a ƙauyukan Atwima, kuma na fi son in saye ta ɗanya in busar da kaina.

Kirfa ce ke buƙatar a tsaya. Iri biyu ce. Akwai mai kauri, ja-ja mai duhu, ɓawo ɗaya a naɗe, da ƙyar ake karya ta. Ita ake kira kasiya, ita ce ta cika kasuwa, ita ce mai araha. Akwai kuma ta Sirilanka, mai haske, ɓawonta siriri a naɗe rubi-rubi, kina matsawa da yatsa tana rugurgujewa. Kasiya na ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakar miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ga mai nauyin kilo 60, kusan giram 2 na kasiya ya kai shi iyakar, wato bai ma cika cokalin shayi ɗaya ba. Ta Sirilanka kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai. In kin same ta, saya ko da ta fi tsada. In kasiya kawai kika samu ba laifi, awon da na bayar yana ƙasa da iyakar, amma kada a ƙara wata kirfar a shayi a kan wannan. Masu dafa sanda uku a buta suna sha kamar ruwa, ana maganin kaba kai na kumbura ke nan.

Labarin kirfa da suga ya yi ƙarfi ne bayan wani gwaji da aka yi a Fakistan aka buga a 2003, inda aka ba mutum 60 kirfa ko garin banza na kwana 40, aka ga suga da kitsen jinin masu shan kirfar sun sauka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun ga haka, wasu ba su gani ba, har ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, da ta tattara goma daga cikinsu a 2012 ta ce hujjar ba ta isa ba. Shi ya sa a haɗina hulba ce uwa. Aikinta a fili yake: tana da yauƙi, in ya haɗu da abinci a ciki sai ya rage saurin shigar suga cikin jini, ya kuma riƙe wani abu na kitse ya fita da shi.

3. Tsinta, wanki da shanya

Zuba hulba a faifai ki tsince tsakuwa, ki sheƙe. In hunturu ne, ɗauraye ta da sauri sau ɗaya ki baza a rana. Kada ki bar ta cikin ruwa, yauƙi za ta saki ta manne. In damina ce kada ma ki wanke, tsinta da gashin da ke tafe sun wadatar.

Ɗanyar citta ki wanke, ki kankare, ki yanka siriri kamar sulalla, ki baza ba tare da wani yanki ya hau wani ba, ki rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. A hunturu kwana huɗu zuwa bakwai ta bushe. Alamar ita ce ta karye ƙaras. In tana lanƙwasa da saura. Kurkum ma haka, sai dai yana rina hannu da wuƙa da duk abin da ya taɓa, kada ki yi aikinsa da farin mayafi.

Wahalar Kumasi laima ce. Muna da damina biyu, kuma daga Afrilu zuwa Yuli abu kan yi funfuna kafin ya bushe. Ni daga Disamba zuwa Fabrairu nake busar da citta da kurkum na rabin shekara, in adana su a yankansu. In dole ta kama cikin damina, sa su a tanda a wuta mafi ƙanƙanta ki bar ƙofar a ɗan buɗe, ko ki ɗora tire nesa-nesa a kan kurfoti bayan garwashi ya kwanta, kina juyawa. Duk abin da ya yi funfuna zubarwa ake. Gubar da wasu funfuna ke bari tana cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe ta, don haka goge wurin ko sake shanyawa ba ya gyara komai.

4. Gashin hulba

Ɗora kasko babu mai, wuta kaɗan, zuba hulba kina juyawa ba tsayawa, minti uku zuwa biyar. Da kin ji ƙamshi, launin ya ɗan sauya, sauke ki juye a tire nan take, don zafin kasko na ci gaba da ƙona ta. Gashi na rage ɗaci, yana kuma sa ta yi saurin dakuwa. In ta yi baƙi ɗacinta ya ninka, babu mai iya sha, sake sabo. Bari ta huce sarai.

5. Niƙa

Kowanne daban ake niƙawa, domin taurinsu ba ɗaya ba ne, kuma sai an niƙa ake awo. Fara farfasa kirfa da kurkum a turmi kafin su shiga inji, in ba haka ba haƙoran injin ne za su tafi. Na yi asarar inji ɗaya a kan saiwar kurkum guda. Niƙa, tankaɗe, mayar da tsakin, sake niƙawa. Zaren citta da ya ƙi wucewa ta rariya ki ajiye don shayi.

Injin unguwa, wanda har Asantawa ke kira nikanika da bakinmu, ban cika so ba ga wannan aiki. Giram 200 rabi zai maƙale a ciki, abin da ya fito kuma ya kwaso barkono da jiƙaƙƙen ƙullun masara, ga gyaɗar wani. Laimar nan kaɗai ta isa ta lalata gari cikin sati. In babu makawa, je da sassafe kafin a fara niƙan jiƙo, ki fara zuba busasshen gero gwangwani ɗaya ya share injin. Asanka kuwa, kaskon ƙasar nan da muke niƙa a ciki, ta miya ce, ba ta iya wa hulba. Turmi ya fi, haƙuri kawai yake ci.

6. Awo da haɗi

Da sikeli: 100, 40, 30, 25, 5, kamar yadda na jera. In babu sikeli, ɗauki cokali ɗaya ki auna garin a shafe, ba tsororo: hulba 7, citta 5, kirfa 3, kurkum 2, masoro rabi. Yi haka sau huɗu da cokalin shayi, kin sami na wata ɗaya. Zuba a busasshen kwano ki juya sosai har launin ya zama ɗaya, ki sake tankaɗewa gaba ɗaya.

Masoro na taimaka wa jiki ya karɓi abin da ke cikin kurkum, shi ya sa yake ciki, amma kada ki ƙara a kan haka. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi, cire masoro ki rage citta zuwa rabi. In kurkum ya gagara samu, haɗa babu shi. In hulba ce babu, jira sai kin samu.

Za a ce miki ƙara kanumfari, ƙara kimba, ƙara habbatus sauda, ƙara zogale, ƙara saiwar kaza. Duk abin da kika ƙara, in ciki ya ɓaci ko suga ya yi wani iri, ba za ki san mai laifin ba. Zogale a miya ko kwaɗo ya fi daɗi ma. Prekese, ɗan itacen nan mai ƙamshi, ki bar shi a tukunyar miya inda ya saba, binciken da aka yi a kansa game da suga yawanci a kan dabbobi ne.

7. Adanawa

Kwalba busasshiya, murfi gam, a rubuta kwanan wata a jiki, a ajiye nesa da murhu da hasken rana. Kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Ba na sa shi a firji, saboda in wuta ta ɗauke ta dawo kwalbar kan yi gumi ta ciki. In ya dunƙule ko warinsa ya sauya, zubar. Na wata ɗaya kawai nake niƙawa.

8. Yadda ake fara sha

Satin farko rabin cokalin shayi, sau ɗaya a rana, tare da abincin rana. Sati na biyu cokali ɗaya. Daga sati na uku, in ciki lafiya kuma awo bai yi ƙasa da yawa ba, cokali ɗaya sau biyu a rana. Nan ne iyaka, kusan giram 6 ke nan, kirfar ciki ba ta kai giram 1 ba. Kullum da abinci, ba a sha da wofin ciki, ba a sha a bakin barci.

Yauƙin hulba na iya jinkirta shigar ƙwayar magani, don haka muna barin tazarar awa biyu. Mma na shan ƙwayoyinta da karin safe da abincin dare, garin kuma da rana da kuma la'asar tare da dafaffen ƙwai ko 'yar gyaɗa. A dama a rabin kofin ruwan ɗumi a shanye, ko a barbaɗa a miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa bayan an zuba a kwano, ko a kindirmon da ba a sa wa suga ba.

Yana da ɗaci, kuma a nan ne mutane ke rusa aikin da hannunsu. Su zuba zuma, wai ai zuma magani ce. Zuma na ɗaga suga kamar yadda sukari ke yi. Haka dabino in ya yi yawa. Wasu kuma su dama shi a kokon bakin titi da an riga an zuba wa suga, su haɗa da ƙosai biyar da burodi, an gudu ba a tsira ba. Koko ko babu suga yana ɗaga sugan jini, tunda tataccen gero ne. Sobolo (zoɓo) da lamurji da burkina (gero da nono) na sayarwa duk da suga ake haɗa su. Kada ki yarda da maganata ma, auna kafin a sha, auna bayan awa biyu, gani ya kori ji.

Kwanakin farko ciki kan yi ƙugi ko ya ɗan saki, in ya wuce kwana uku koma rabin awo. Gumi da fitsari za su ɗauki warin hulba, wannan ba ciwo ba ne. Ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko wahalar numfashi, daina nan take a tafi asibiti. Idanu su yi rawaya ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, shi ma daina, a je a duba hanta.

Wanda ba ya son gari, akwai hanya mai sauƙi: jiƙa cokalin shayi ɗaya na ƙwayar hulba a kofi ta kwana, a sha ruwan a tauna ƙwayar tare da abinci. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa jiƙo da gari rana ɗaya.

9. In suga ya faɗi

Wannan ya same mu a shekarar farko, kuma laifina ne. Lokacin Mma na kan glibenclamide. Wata maƙwabciya ta ce ai cokalin shayi wasa ne, babban cokali biyu ake jiƙawa, na biye mata. Ranar akwai suna a Asawasi, Mma ta haɗiye ƙwayarta, ta sha jiƙon, ta ce za ta ci abinci a can. Kafin hantsi aka kira ni. Na tarar da ita gumi sharkaf, hannu na rawa, ina cewa "Mma, kin gane ni?" tana amsa mini da wata magana daban. Matan wurin har sun fara tofi. Na'ura ta nuna 3.2.

Alamomin su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, jiri, ruɗewa, ko faɗa babu dalili. In mutum na iya haɗiya, ba shi giram 15 na suga: cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba na ainihi, ba marar suga ba. Jira minti 15 ki sake awo. In har yanzu ƙasa da 3.9 ne, maimaita. Da ya farfaɗo ba shi abinci sosai. In ya suma kada ki ɗura masa komai a baki, kwantar da shi ta gefe, a yi asibiti da shi. Mai shan glibenclamide sugansa na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i, don haka ko ya warware a kai shi a duba. Tun daga ranar akwai ƙullin suga a jakar Mma, kusa da carbi.

In kin ga awon safe na yawan sauka kusa da 4, dakatar da garin ki kai wa likita littafin. Shi ke rage ƙwaya, ba ke ba. Ta ɗaya gefen kuma, suga sama da 16 tare da amai, ƙishirwa mai tsanani ko magagi, ko wani gyambo a ƙafa komai ƙanƙantarsa, wannan ba aikin kicin ba ne.

10. Kitsen jini

Shi ba ya ciwo, ba ya nuna alama, na'urar gida kuma ba ta ganinsa, sai gwajin asibiti. Abin da garin nan ke iya yi masa kaɗan ne. Wanda aka rubuta wa atorvastatin ko danginsa na rage kitsen jini ya ci gaba da sha, domin mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi kusa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tafarnuwa nakan ƙara: ƙwaya ɗaya ko biyu a rana, a daddaka, a bar ta minti goma, a zuba a miya dab da saukewa. Mai shan maganin tsinka jini ya tambaya tukuna.

Inda na ga canji na gaske a tukunya ne. Na rage man ja zuwa rabin abin da nake zubawa, na daina maimaita man suya, cicinga mai kitse da soyayyen wagashi suka koma na ranar sallah. Wake da kuɓewa da kontomire (ganyen gwaza) suka yawaita. Waakye ma a gida nake dafawa, wake ya fi shinkafa yawa, babu taliya babu garin rogo a kai. Malmalar tuwon zafi ko sakwara ba ta wuce dunƙulen hannun mai ci, miya kuwa a cika kwano. Bayan abincin dare mu taka zuwa bakin titi mu dawo.

11. Bayan wata uku

Koma asibiti a sake HbA1c da gwajin kitse da na hanta, ki ajiye sabuwar takarda kusa da tsohuwa. Ga yawancin manya ana son HbA1c ƙasa da kashi 7. Duba littafinki ma, haɗa awon safe na sati biyun farko ki raba da yawan kwanakin, ki yi haka da na sati biyun ƙarshe. In an sauka kuma hanta lafiya, ci gaba. In babu bambanci, daina, ki sa kuɗin a sandunan awo da ganye. Ƙanin babanmu wata huɗu ya sha bai ga komai ba, na ce Baba bar shi haka, jikinka ba irin na Mma ba ne.

Wasu kan ce me ya sa ba za a sayi haɗaɗɗe a kwalba a huta ba. In za ki saya, nemi lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana a jikinsa, da jerin abin da ke ciki, da ranar ƙarewa. Wanda ake tallarsa a cikin mota ana cewa yana warkar da suga har abada, da hawan jini, da basir, da rashin haihuwa, bar shi inda kika gan shi. A ƙasashe daban-daban an sha kama irin waɗannan da glibenclamide a ɓoye a ciki, mutum ya sha a kan nasa na asibiti ya zama ninki biyu bai sani ba. Mai son maganin gargajiya da ilmi yana da inda zai je. Akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST da ke nan Kumasi na horar da likitocin wannan fanni tun 2001, kuma wasu asibitocin gwamnati na da sashensu.

Saura azumi. Wata ɗaya kafin Ramadan ku ga likita, shi zai ce ko mai ciwon zai iya, ya kuma gyara lokutan ƙwaya. Ni ina ɗauke garin daga sahur gaba ɗaya, don yini ne mai tsawo a gaba babu ci. Cokali ɗaya kawai, da abincin bayan isha'i. Ana awo da hantsi da kuma la'asar, kuma malaman da suka zauna da likitoci kan wannan mas'ala sun ce ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. In awo ya sauka ƙasa da 3.9, ko ya haura 16.6, a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira salla, a rama daga baya. Kwalbar watan azumi rabin awo nake haɗawa, tunda rabi za a sha.